Ga sabuwar mai jego a Ingila: a ina jaririnki yake kwana?

Rajistar haihuwa ba za ta ba ki wahala ba, domin kina da kwana 42 ki je ki yi ta, kuma jan littafin nan da ake rubuta nauyin yaro da alluransa za a ba ki shi ba tare da kin roƙa ba. Abin da na ga yana kayar da sababbin zuwa, kamar yadda ya kayar da ni, shi ne tambayar da ma'aikaciyar lafiya take yi idan ta zo gida tsakanin kwana 10 zuwa 14 bayan haihuwa, wato a ina jaririn yake kwana.

Kafin ta ƙwanƙwasa ƙofa, an riga an cika miki kunne cewa Turawa suna ƙwace 'ya'yan mutane, don haka kada ki kuskura ki ce gado ɗaya kuke kwana. Ni ma haka wata babbar yaya a cikinmu ta gaya mini ranar suna, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa. Da matar ta zo, sai na nuna mata ɗan kwandon kwanciyar jariri da muka saya, wanda minti biyar kafin shigowarta cike yake da wanki, na ce a ciki 'yata take kwana. Ta rubuta, ta tafi.

Ƙaryar ba ta tsaya a nan ba. Tsoro ya shige ni har na soma ganin laifi ne barci ya kwashe ni a gado da yarinya a jikina, saboda haka duk sanda ta farka cikin dare sai in ɗauke ta in koma falo in ba ta nono a kan doguwar kujera, wai don kada in yi barci. A gida da ina ɗakin mahaifiyata ina wankan jego, ga gwaggo ga ƙanne masu karɓar jaririya har a yi arba'in. A nan kuwa maigida yana aikin dare, ni kaɗai ce da ita. Wani dare, tana da mako uku, na farka firgigit na tarar ta zame daga hannuna ta shige tsakanin kwiɓina da hannun kujerar, fuskarta a manne da kushin. Allah ya kiyaye, tana numfashi, amma har aka yi asuba jikina bai daina rawa ba.

A ziyara ta gaba na gaya wa matar gaskiya ina hawaye, ina jiran ta kira wasu jami'ai. Ba ta kira kowa ba. Ta ce in nuna mata ɗakin kwana, ta danna katifar da tafin hannunta, ta ɗaga bargon nan mai kauri ta ajiye shi gefe, ta nuna mini ratar da ke tsakanin gado da bango, sannan ta ce kujerar da na gudu gare ta ta fi gadon haɗari nesa ba kusa ba. Ƙungiyar Lullaby Trust, wadda aikinta a ƙasar shi ne wayar da kan iyaye game da yadda jariri zai yi barci lafiya, tana cewa yin barci da jariri a kan kujera yana iya ninka haɗarin mutuwar farat ɗaya har sau 50.

Ki sani babu wata doka a Ingila da ta hana uwa kwana da ɗanta. Dokar da mutanenmu suke jin ƙishin-ƙishin ɗinta tsohuwa ce, ta 1933, kuma ta shafi wanda ya sha giya ya kwanta da yaro ɗan ƙasa da shekara uku har yaron ya mutu saboda toshewar numfashi. A 2015 aka ƙara miyagun ƙwayoyi a ciki. Su kansu masana ba su yi ittifaƙi ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawararta ta 2022, ta tsaya a kan cewa kada a haɗa gado da jariri ko ta halin ƙaƙa, shi ya sa idan kina da 'yar'uwa a can za ki ji maganarta ta sha bamban da abin da ake gaya miki. A nan kuwa, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin aikin lafiya ta ce tun 2021 a riƙa tattaunawa da iyaye a kan yadda za a rage haɗarin, domin an gane cewa hani kawai ba ya hana uwa mai shayarwa gyangyaɗi. Wani bincike da aka yi a garin Bradford na Ingila ya nuna iyalai 'yan asalin Pakistan sun fi Turawan garin kwana da jariransu a gado, amma sun fi su nisantar taba da giya da barci a kujera, kuma irin wannan mutuwa ta fi ƙaranci a cikin al'ummarsu. Ina alfahari da cewa yawancin gidajenmu a wannan layi suke.

Sai dai haƙurina yana ƙarewa idan sabuwar zuwa ta ce mini ai haka iyayenmu suka yi kuma ga mu nan da ranmu. Iyayenmu a kan tabarma ko katifa mai tauri suka kwanta, zani ɗaya suka lulluɓa da shi, kuma ba su tashi daga aikin awa 12 a gidan kula da tsofaffi suka faɗa kan gado kamar matattu ba. Gadon da mai gidan haya ya bar miki, da lotsattsiyar katifarsa da tulin filo da bargo mai nauyi, wani abu ne daban. Idan za ki kwana da jaririn, ki kwantar da shi rigingine, ki kawar da filo da bargonki daga inda yake, kada yayyensa su hau gadon, kuma kada ki bar shi shi kaɗai a kai. Akwai kuma halin da babu sassauci a cikinsa: idan ke ko maigida ɗayanku yana shan taba, ko da a waje yake sha, ko wani ya sha maganin da ke sa barci, ko an haifi yaron kafin mako 37, ko nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, to ya kwana a nasa gadon kusa da naki. Maigida ya ji da kyau, shisha ma taba ce.

Sanyi shi ne tarko na biyu. Muna zuwa da tsoron hunturu, sai mu sa wa jariri hula da safa da rigar sanyi, mu naɗe shi da shawul, sannan mu ƙure hita. Zafin ɗakin da ake so tsakanin digiri 16 ne zuwa 20, wanda ke za ki ji kamar tsakiyar hunturun Kano ne, kuma ba a barin hula a kansa idan zai yi barci a cikin gida. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa. Idan kin ji gumi, ki rage masa kaya, kada sanyin tafin hannunsa ya ruɗe ki. Duk wani zare ko laya da ke wuyansa ki cire kafin ya kwanta.

Masu zama a ɗaki guda sukan ce mini babu wurin ajiye gadon jariri. Kwando ba ya cin wuri, kuma shawarar NHS, hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, ita ce yaro ya kwana ɗaki ɗaya da ke har wata shida, saboda haka ƙuncin ɗakin bai saɓa wa komai ba. Idan kuɗi ne babu, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiyar, domin ta san inda ake samun kayan jarirai kyauta a unguwarku. Namu kwandon yanzu yana gida na huɗu a cikin 'yan'uwa, sai dai duk wadda ta karɓa nakan ce ta sayi sabuwar katifar ciki.