Bayan taron farkawa, sai me?

Ka dawo zuciya cike da wuta, kwana uku sai kaji shiru, addu'ar ma ta koma aiki. Kar ka tsorata. Iliya ma bayan wuta ta sauko a Dutsen Karmel gudu yayi saboda Yezebel har yana roƙon mutuwa, kuma abinci mala'ika ya fara bashi (1 Sarakuna 19), to kaima ci ka huta tukuna. Sannan rage buri, minti 10 da safe kafin ka taɓa waya, Zabura ɗaya ta isa, ko kanajin daɗi ko bakaji. Ni dai alkawarin babi biyar kullum bai taɓa kaini sati ba. Nemi ɗan'uwa ɗaya a ikilisiya da zai riƙa tuntuɓarka tsakiyar mako, kuyi addu'a tare ko ta waya ce.