Yadda Ake Shimfiɗa Filin Gara Ƙwallon Golf a Bayan Gida

Wanda ya taɓa wasan golf ya san cewa kusa da rami ake asarar maki, a wurin garawar nan ta mita biyu ko uku. Ƙaramin fili a gida, mita 4 a faɗi da mita 6 a tsawo, ya isa a riƙa gyara hannu kullum. Ciyawa mai rai tana son ruwa safe da yamma da aski kusan kowace rana da inji na musamman. Wannan wahalar ce ta sa wasu filayen golf na Arewa suka daɗe suna amfani da yashi da aka cakuɗa da mai a kewayen rami. A gida, ciyawar roba ta fi sauƙi.

Ciyawar roba kamar kafet ce kawai. Duk tudu ko kwarin da ke ƙasa sai ya bayyana a tafiyar ƙwallo, don haka ainihin aikin daɓe ne.

Zaɓi wurin da ruwa ba ya kwanciya da damina, nesa da indararo da saiwar bishiya. Idan da inuwar yamma ya fi, domin roba tana ɗaukar zafi ƙwarai a watan Maris da Afrilu, har ba a iya taka ta ba takalmi. Zana siffar filin da tiyo ko igiya, ka bi layin da farar ƙasa. Haƙa zurfin santimita 12 zuwa 15, ka kwashe saiwoyi da baƙar ƙasar sama. Jar ƙasa mai marmara tana riƙe aiki da kyau. Ƙasar laka, irin firkin Borno, tana kumbura da damina ta tsage da rani. A nan sai a ƙara zurfi zuwa santimita 20 a cike da tsakuwa.

Tun daga nan ake saka gangare. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ya wadatar, wato a tsawon mita 6 gefe ɗaya ya fi ɗayan ƙasa da santimita 6 zuwa 12. Kafa turaku, ka ja igiya, ka auna da lebur. Gangaren ya fuskanci magudana, ba bangon ɗaki ba. Idan ya haura kashi 3, ƙwallo ba za ta tsaya kusa da rami ba.

Daddale ƙasan, ka shimfiɗa yadin nan mai barin ruwa ya wuce, wanda masu aikin titi ke sawa a ƙarƙashin tsakuwa. Kada a sa leda, ruwa za ta tare. Sannan a zuba fasasshen dutse mai haɗe da garinsa, kaurin santimita 10. Ga fili mai murabba'in mita 24, a sayi kimanin kubik mita 3, kusan tan 5, domin yana raguwa idan ya sha daɓe. Tsakuwar rafi mai santsi ba ta kama juna, tana zamewa. A zuba rabin fasasshen dutsen, a yayyafa ruwa ya jiƙa ba tare da ya zama caɓi ba, a bi da injin daddala sau uku ko huɗu, sannan a zuba sauran. Madaɓin hannu yana yi, amma sai an rage kaurin kowane zubi. Masu gaggawa kan juye duka a daddale sau ɗaya; sama ta yi tauri, ƙasa na sako-sako, ruwan farko na damina sai ya bar kwaruruwa.

A sama a baza garin dutse santimita 2 zuwa 3, a share da miƙaƙƙen katako, a sake daddalewa. Gara ƙwallo a kai ta kowace fuska. Inda ta yi tsalle ko ta karkace, a kankare ko a cike yanzu. Bayan an rufe da ciyawa babu gyara sai da tonawa.

Ramin golf faɗinsa milimita 108 ne, zurfinsa bai gaza milimita 101.6 ba, ana sayar da kofinsa na roba ko alminiyom. Biyu ko uku sun isa, kowanne aƙalla mita ɗaya daga gefe, a inda ya fi zama shimfiɗe. Zuba tsakuwa a ƙarƙashin kofin don ruwa ya tsiyaye, ka kewaye shi da kwaɓin siminti, bakinsa ya ɗara daɓen kaɗan yadda zai zauna kimanin milimita 6 ƙasa da saman ciyawar.

Sayi ciyawar roba mai gajeren gashi, milimita 12 zuwa 16, wadda aka yi don wannan wasa. Ta ado mai milimita 30 zuwa 40 sai dai a kewaye gefe da ita. Baza ta a rana awa biyu zuwa uku ta saki. Idan za a haɗa falle biyu, gashinsu ya kwanta fuska ɗaya, in ba haka ba launi zai bambanta, ƙwallo kuma ta canza gudu a mahaɗar. Haɗa su da tef da gam na ciyawar roba. Yanka ta bayan ciyawar, wato fuskar da ba gashi, da sabuwar reza. Buga ƙusa mai inci 5 ko 6 a gefe kawai, tazarar santimita 15. Ƙusa a tsakiya tana lotsa wurin. Lalubo kofi da yatsa, ka tsaga ciyawar da ke kan tsakiyarsa, ka bi bakin kofin kana yankewa a hankali.

Saura yashi. Ana son busasshe, wankakke, wanda aka tankaɗe. Mai laka yana daskarewa ya toshe ruwa. Ga gajeriyar ciyawar nailan, kilo 5 zuwa 10 a kowane murabba'in mita, amma bi abin da kamfanin ya rubuta, domin wasu nau'o'in suna cin ninkin haka. Watsa kaɗan-kaɗan, ka shigar da shi da burushi mai tauri kana bi saɓanin kwanciyar gashin. Ƙarin yashi da birgima abu mai nauyi a kai suna ƙara wa ƙwallo gudu.

Lokacin hunturu ƙura tana cika tsakanin gashin, sai a share kowane mako a wanke da tiyo sau ɗaya a wata. A nisanta garwashi da guntun sigari, roba narkewa take yi, kuma sai an yanke wurin an yi faci.