Yadda za ka auna ingancin shinkafa da masara da kyamarar waya

Injin da ke ware hatsi ƙwaya-ƙwaya da kyamara da iska yana da tsada, ba na ɗan kasuwar Aboabo ko Asawase a Kumasin Ghana ba ne. Amma idan samfur kawai kake so ka auna kafin ka biya kuɗin buhu, waya da kwali da fitila da kwamfuta sun ishe ka. Da su nake duba masarar Ejura da Techiman da shinkafar da ake kawo mana daga Tamale.

Fara da haske, don shi ne rabin aikin. Kada ka dogara da rana. A Kumasi gajimare na iya rufe ta cikin minti biyar, sai farar masara ta fito kamar ruwan ɗorawa a hoto, kwamfuta kuwa abin da aka ba ta take karantawa. Samu kwali, ka liƙa farar takarda a cikinsa, ka jera ƙananan fitilun LED farare a gefe suna haska bango, ba hatsin kai tsaye ba. Hasken da ya bugi bango ya dawo ba ya barin inuwa, ƙyallin bayan masara ma yana kwantawa. Ni masu batir nake sawa, saboda dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki.

Huda rami a saman kwalin daidai idon kyamara, wayar ta kwanta a kai, tazarar ta zama ɗaya kullum. Kashe filasha, ka kulle haske da launi a saitin kyamara.

A ƙasa shimfiɗa shuɗin kyalle marar sheƙi. Hatsinmu ba shuɗi ba ne, saboda haka manhaja ba ta wahalar raba ƙwaya da shimfiɗa. Ajiye rula a gefe.

Ɗebo samfur daga saman buhu da tsakiya da gindi, ka gauraya, ka baza kamar ƙwaya 200. A nan ake bukatar haƙuri: idan biyu suka taɓa juna, ɗaya doguwa za a ƙirga, lissafi ya lalace. Da tsinken tsintsiya nake rarraba su.

Tura hoton zuwa kwamfuta ka buɗe shi a ImageJ, manhajar kyauta ce. Nuna mata milimita 10 a jikin rular, ka sa ta ware shuɗin, sannan ta auna tsawo da faɗin kowace ƙwaya. A ƙa'idar shinkafa, wadda ba ta kai kashi uku cikin huɗu na tsawon cikakkiya ba karyayyiya ce. Ƙirga su, ka raba da jimilla. Ka lura fa, a kasuwar duniya da nauyi ake lissafin karyayyar, don haka naka ƙiyasi ne na ciniki.

Don ganin tsagewar ciki, juya tsarin: ɗora ƙwayoyin a gilashi, farar takarda da fitila a ƙarƙashi. Shinkafar da cikinta ya yi fari kamar alli za ta yi duhu, tsaga ta fito kamar zare.

Masara mai fumfuna ita ta fi damuna, don yaranmu ke shan kokonta. Idan aka ɓarza ta aka haska da fitilar UV (ultraviolet) mai lambar zangon haske nanomita 365 cikin duhu, wata takan yi ƙyalli tsanwa-tsanwa mai ɗorawa. Wannan alama ce ta fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin, ba gubar kanta ba, kuma rashin ƙyalli ba shaidar tsabta ba ne. Kada ka kalli fitilar da ido. Buhun da ya yi ƙyalli ware shi gefe, ka kai samfur ɗakin gwaji kafin ka sayar wa mai koko.