Shirya Shaidarka Ta Minti Biyu

'Yan'uwa cikin Almasihu, ga 'yar shawara ga masu jin nauyin yin bishara. Ba sai ka haddace ayoyi ɗari ba. Zauna ka rubuta shaidarka: yadda kake a da, yadda ka sadu da Yesu, da abin da ya canja. Kada ta wuce minti biyu, dogon surutu na gundurar mutum.

Aikin da Yesu ya ba mutumin da ya warkar ke nan a Markus 5:19: koma gida ka faɗi abin da Ubangiji ya yi maka. Amma fa ban da ƙarin gishiri, wanda ya san halinka zai gane. In tambaya ta fi ƙarfinka, ce za ka bincika, ka kuma dawo da amsar.