Yadda Ake Gudanar da Binciken Ƙashi da Gaɓoɓi a Harabar Asibitin Nuffield da Ke Oksfod

Likita ko ɗalibin digiri na uku da ya isa unguwar Headington a birnin Oksfod na ƙasar Ingila da niyyar yin bincike a kan ƙashi, gaɓoɓi ko tsoka, zai tarar da asibiti da ɗakunan gwaje-gwaje suna maƙwabtaka da juna a kan titin Windmill. Asibitin shi ne asibitin ƙashi na Nuffield, wanda ya samo asali daga gidan murmurewar marasa lafiya na Wingfield, daga baya attajirin nan mai ƙera motoci William Morris ya ba da kuɗin sake gina shi, sannan likitan ƙashi G. R. Girdlestone ya zama farfesan tiyatar ƙashi na farko a jami'ar a shekarar 1937. A cikin harabar ne Cibiyar Bincike ta Botnar take, wadda aka buɗe a 2002, kuma ɗan tattaki kaɗan daga nan, a harabar Old Road, akwai Cibiyar Kennedy mai nazarin amosanin gaɓoɓi, wadda aka kafa a Landan kafin ta tare a Oksfod a 2013. Cibiyoyin biyu suna ƙarƙashin sashe ɗaya na jami'ar, asibitin kuwa yana ƙarƙashin hukumar asibitocin jami'ar Oksfod ta NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnatin Birtaniya, tun 2011. Sanin wannan rabo yana da amfani tun ranar farko, domin marasa lafiya da bayanansu suna hannun asibiti, na'urorin bincike da masu ƙididdiga kuma galibi suna hannun jami'a, kuma kowane ɓangare yana da izinin da yake bayarwa.

Kuskuren da sabon mai bincike ya fi faɗawa shi ne ya fara da na'ura. Yakan ga madubin likita na zamani ko ɗakin nazarin tafiya, sai ya shiga neman tambayar da za ta dace da su. A ganina hanyar da ta fi tsira ita ce a juya tsarin: a rubuta tambayar a jimla ɗaya, a kai ta wurin masu ƙididdiga da wakilan marasa lafiya, sai bayan sun tace ta a duba wace na'ura ce za ta amsa ta. Jimlar ta faɗi su wa za a bincika, me za a yi musu, da me za a kwatanta shi, kuma me za a auna a wane lokaci. Wanda ya ce yana son binciken ciwon gwiwa bai ce komai ba tukuna. Wanda ya ce yana son sanin ko sauya ɓangare ɗaya na gwiwa da gaɓar dashe ya fi sauya ta gaba ɗaya ga masu zaizayar guringuntsi a gefen ciki, bisa makin da majinyata suka ba kansu bayan shekara 5, ya kawo abin da za a iya aiki a kai. Wannan ita ce tambayar gwajin TOPKAT da aka jagoranta daga Oksfod, wanda ya ɗauki majinyata 528, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2019, inda aka ga hanyoyin biyu sun ba da sakamako mai kama da juna, amma sauya ɓangare ɗaya ya fi sauƙin kuɗi.

Ƙofa ta farko da ya kamata a ƙwanƙwasa ita ce ta masu ƙididdiga. A Botnar akwai Cibiyar Ƙididdigar Likitanci da marigayi Farfesa Doug Altman ya kafa a 1995, da kuma sashen gudanar da gwaje-gwajen asibiti da ake kira OCTRU. Su ne za su lissafa yawan majinyatan da ake buƙata, kuma lissafin nan yakan girgiza mutum, domin duk lokacin da aka rage girman bambancin da ake son ganowa da rabi, adadin majinyata yana ninkuwa kusan sau 4. Su ne kuma ke tsara rabon majinyata ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, yadda likitan da ke shigar da mutum gwaji ba zai san rukunin da zai faɗa ba, da tsara ma'ajiyar bayanai, da rubuta yadda za a tantance sakamako tun kafin a ga sakamakon. A je musu kafin a nemi kuɗin bincike, saboda aikinsu yana da farashi wanda dole ya shiga cikin kasafin da za a miƙa wa masu bayar da tallafi, kuma mai ƙididdigar da aka kira bayan an gama tara bayanai ba ya iya gyara tsarin da ya karkace tun tushe.

Ana buƙatar a ji ta bakin marasa lafiya a wannan mataki, kuma manyan masu bayar da tallafi a Birtaniya, irin su NIHR, hukumar gwamnati mai ɗaukar nauyin binciken lafiya, suna tambayar yadda aka shigar da su cikin tsara binciken. Wannan ba cika sharaɗi ba ne kawai. Likitan tiyata yakan damu da yadda ƙarfen da ya dasa ya zauna a hoto, majinyaci kuwa abin da ya dame shi shi ne ko zai iya hawa matakala, ko ya durƙusa ya tashi, ko ya yi barci ciwo bai tashe shi ba. Daga irin wannan tunani ne aka samar da ma'aunin kwatangwalo na Oksfod a 1996 da na gwiwa a 1998, kowanne tambayoyi 12 da majinyaci ke amsawa da kansa, ana haɗa maki daga 0 zuwa 48. Duk mai son amfani da su sai ya nemi lasisi daga kamfanin jami'ar mai kula da ƙirƙire-ƙirƙire, haka ma mai son fassara su. Likitan da ke aiki a Kano ko Damagaram ya lura cewa fassarar irin wannan ma'auni bincike ne mai zaman kansa, domin sai an mayar da fassarar zuwa harshen asali an kwatanta, an gwada ta a kan majinyata, an kuma duba ko tambayar da aka rubuta domin mai shiga baho da zama a kujera tana auna abu ɗaya ga mai zama a tabarma da mai ruku'u da sujada sau da yawa a yini.

Bayan tambaya ta tsayu, sai a shiga neman izini, kuma nan ne watanni suke tafiya. Kowane bincike a kan mutane yana buƙatar hukumar da za ta ɗauki alhakinsa a gaban doka, wadda a nan ko dai jami'a ce ko hukumar asibitin, kuma ofishin bincike na haɗin gwiwa tsakaninsu ne ke duba takardu. Daga nan a cike buƙata ta shafin intanet na neman izinin bincike, IRAS, zuwa Hukumar Binciken Lafiya da kwamitin ɗa'a, wanda ke da kwana 60 ya ba da ra'ayinsa. Idan akwai sabon magani ko na'urar dashe da ba a riga an amince da ita ba, hukumar kula da magunguna da na'urorin asibiti, MHRA, ma sai ta sa hannu. Idan za a ɗauki hoton eksire ko na CT scan, sai masana sun ƙiyasta yawan hasken da zai ratsa jikin majinyaci. A yi rajistar gwajin a kundin jama'a irin su ISRCTN kafin a shigar da mutum na farko, domin manyan mujallu ba sa buga gwajin da aka yi wa rajista a makare. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa kuma ya sani cewa ba zai duba majinyaci a matsayin likita ba sai yana da rajista da majalisar likitoci ta GMC, kuma ko ganin fayil ɗin marasa lafiya yana buƙatar takardar izinin aiki daga asibitin.

Ga mai binciken ɗakin gwaje-gwaje, babbar fa'idar wannan harabar ita ce kusancin ɗakin tiyata. Duk lokacin da aka sauya kwatangwalo ko gwiwa ana cire wani sashe na ƙashi, guringuntsi da fatar da ke lulluɓe cikin gaɓa, abubuwan da a da zubar da su ake yi. Da amincewar majinyaci a rubuce, ma'ajiyar samfura ta ƙashi da gaɓoɓi da ke Botnar tana karɓar irin waɗannan, kuma dokar sassan jikin ɗan'adam ta 2004 ce ke tsara yadda ake ajiye su da amfani da su. Mai bincike yakan rubuta wa kwamitin ma'ajiyar irin samfurin da yake so da yawansa da abin da zai yi da shi. Abin da ya kamata ya yanke tun kafin ya rubuta shi ne yanayin da yake son samfurin ya iso hannunsa, domin ba a komawa baya. Wanda zai raba ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya yana buƙatar nama ɗanye cikin sa'o'i kaɗan da cire shi, don haka sai ya san jadawalin tiyata, ya kuma daidaita da nas ɗin bincike. Wanda zai auna sinadarai yana iya amfani da wanda aka daskarar a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Wanda zai yanka ƙashi siriri-siriri ya duba a madubi kuwa sai an jiƙa shi a fomalin, sannan a zare masa sinadarin kalsiyam, aikin da kan ɗauki makonni idan ana son ƙwayoyin su tsira da siffarsu. Fitar da samfur zuwa wata cibiya, ko shigo da shi daga wata ƙasa, yana buƙatar yarjejeniyar miƙa samfur da kuma izinin kwamitin ɗa'a na ƙasar da aka ɗebo shi.

Idan tambayar ta shafi kumburi da garkuwar jiki, Kennedy ce wurin zuwa, inda ake da na'urorin tantance ƙwayoyin halitta da madubai masu ƙarfi da ma'aikatan da ke koya wa baƙo amfani da su kafin a bar shi shi kaɗai. A wannan cibiya, tun tana Landan, Ravinder Maini da Marc Feldmann suka nuna cewa sinadarin TNF, wanda ƙwayoyin garkuwar jiki ke fitarwa, shi ne ke jagorantar kumburin amosanin gaɓoɓi, suka fara da naman gaɓoɓin majinyata a ɗakin gwaji, sannan suka gwada maganin toshe shi a kan majinyata 20 a 1992. Ana biyan kuɗin na'urori bisa sa'o'in da aka yi amfani da su, kuma ana yin rajistar lokaci tun da wuri. Aikin da ya shafi dabbobi yana ƙarƙashin dokar 1986, wadda ke buƙatar lasisin wuri da na aiki da na mutumin da zai yi shi.

Ɓangaren awo yana da hanyoyi da dama, kuma zaɓi ya danganta da abin da ake nema. Hoton MRI yana nuna guringuntsi, jijiya da ɓargo, shi ya sa yake gano mutuwar kan ƙashin cinya, irin wadda ke damun masu ciwon sikila, tun kafin eksire ya nuna komai. Na'urar DXA tana auna ƙarfin ƙashi, kuma bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994, makin da ya kai 2.5 ƙasa da na matashi lafiyayye yana nuna zaizayar ƙashi. Akwai kuma wata dabara da aka ƙirƙiro a Suwidin, inda ake dasa ƙananan ƙwallayen ƙarfen tantalam a ƙashi lokacin tiyata, sannan a riƙa ɗaukar hoton eksire biyu lokaci guda domin a ga ko gaɓar da aka dasa ta gusa ko da ƙasa da milimita ɗaya. Amfaninta shi ne ana iya hango dashen da zai yi sako-sako cikin shekara 2 da majinyata 'yan kaɗan, maimakon a jira shekara 10. Ɗakin nazarin tafiya na asibitin kuwa yana manna alamomi masu ƙyalli a jiki, kyamarori su bi motsinsu, faranti a ƙasa ya auna nauyin taku, kuma yara masu lalurar ƙwaƙwalwa da ta shafi motsi suna cikin waɗanda suka fi amfana da shi kafin a yanke shawarar yi musu tiyata. Ɗaki ne na majinyata da farko, don haka sai an daidaita lokacin bincike da na asibiti.

Kafin a ɗebi ko da samfur ɗaya, a duba ko amsar tana cikin bayanan da aka riga aka tara. Kundin dashen gaɓoɓi na ƙasa yana tattara bayanai tun 2003, na karayar kwatangwalo kuma tun 2007, kuma masu nazarin yaɗuwar cututtuka a Botnar sun ƙware wajen neman izinin amfani da su. Sai dai kundi yana nuna abin da ya faru ne, ba ya tabbatar da dalili, domin likitoci suna zaɓar wanda za su yi wa kowace irin tiyata. Shi ya sa gwajin CSAW, wanda ya raba majinyata 313 masu ciwon kafaɗa rukuni 3, ya haɗa da rukunin da aka leƙa kafaɗarsu da kyamara kawai ba a kankare ƙashi ba kamar yadda ake yi a tiyatar da ake gwadawa, kuma aka tarar kankarewar ba ta ƙara musu wani sauƙi a kan leƙawar ba. Gwaji irin wannan ba ya yiwuwa sai an yi wa majinyaci cikakken bayani ya amince da sanin cewa yana iya faɗawa kowane rukuni.

Lokacin rubuta sakamako, a bi ƙa'idar rubuta rahoto ta CONSORT idan gwajin ƙuri'a ne, ko a nemo wadda ta dace da irin binciken a rumbun ƙa'idojin rubuta rahoton bincike na EQUATOR, wanda aka kafa reshensa na Birtaniya a sashen jami'ar da Botnar take ƙarƙashinsa, kuma ana samunsa kyauta a intanet daga ko'ina. A buga sakamakon ko da bai fito yadda aka so ba, a aika wa majinyatan da suka shiga taƙaitaccen bayani da harshe mai sauƙi, a sanar da kwamitin ɗa'a cewa an kammala, sannan a mayar da ragowar samfura ma'ajiya ko a zubar da su bisa abin da takardar amincewa ta tanada. Mai bincike daga Afirka da ke son shiga wannan harabar yana iya farawa da shirin AfOx na jami'ar, mai haɗa masu bincike na Afirka da na Oksfod, wanda ke ba da tallafin ziyara, kuma wasiƙarsa ta farko ga malamin da yake son ya karɓe shi ta ƙunshi tambayar nan ta jimla ɗaya, da adadin majinyatan da yake gani a asibitinsa, da irin bayanan da ya riga ya tara a kansu.