Shawara ga mai zuwa Yamai daga Damagaram

Ƴan uwa, duk wanda tafiya ta kai shi Yamai, ina ba shi shawara ya ware kwana guda domin dabbobin yankin, kada ya tsaya a kasuwa kaɗai.

A fara da Kure, mai nisan kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso, wato hanyar da motocinmu ke bi. Can ne akasarin raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke kiwo a tsakanin gonakin jama'a, suna miƙa wuya suna tsinkar ganyen gawo, manomi na aikinsa a gefe. A je da sassafe kafin rana ta yi zafi, a ɗauki ɗan rakiya daga mutanen wurin, domin su suka san inda garken ya kwana, sannan a fara tambayar jami'an gandun daji halin tsaro kafin a kama hanya. Kada a matsa kusa da uwa mai ɗa, saboda shurinta yana da haɗari.

Da hantsi ya wuce sai a koma Yamai, a je gidan tarihi na Boubou Hama, inda yara za su ga zakuna da ƙasusuwan dabbobin zamanin da.

Da la'asar a tsallaka gadar Kennedy zuwa unguwar Harobanda a kalli kogin Isa. Wanda zai shiga kwalekwale ya bar wa matuƙi zaɓin hanya, don akwai dorina a ruwan.