Yadda ake binciken rayuwa da aikin Gwamna Lugga

Duk mai niyyar rubuta tarihin Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, zai tarar da takardu jingim, sai dai mafi yawansu shi da kansa ya rubuta, ko kuwa mutanen da ke ƙaunarsa. Saboda haka aikin mai bincike shi ne ya saurari gwamnan a matsayin shaida guda, sannan ya nemo sauran shaidu.

Ka fara da jera shekaru, domin su ne za su hana ka ruɗewa. An haife shi a Madras ta Indiya a 1858, ya yi soja a Afganistan da Sudan da Bama, sannan ya yi wa kamfanonin Turawa aiki, a Yuganda daga 1890 zuwa 1892, da kuma ƙasar Borgu a 1894. Ya zama Babban Kwamishinan Arewacin Najeriya daga 1900 zuwa 1906, ya tafi Hong Kong gwamna a 1907, ya dawo a 1912, ya haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairu 1914, ya bar aiki a 1919. Kada ka tsallake shekarunsa na kamfani, domin a can ya saba da ƙulla yarjejeniya da sarakuna da bindiga a gefe.

Bayan haka sai ka shiga takardun gwamnati. A ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin razdanoni na larduna, Gidan Arewa kuma yana da littattafai da rubuce-rubucen hannu. Wasiƙun da ya yi ta aika wa Ofishin Ƙasashen Mallaka suna ma'ajiyar Kew a Landan, ƙarƙashin lamba CO 446, takardunsa na kansa kuwa suna ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. Kafin ka yarda da kowane rahoto, ka tambayi kanka wa aka rubuta wa, kuma me marubucin yake nema a wurinsa, kuɗi ne, ko sojoji, ko izinin yaƙi.

Yaƙin Kano da Sakkwato shi ne wurin da ya fi dacewa ka gwada wannan hanya. Lugga ya kafa hujja da kisan Kyaftin Moloney a Keffi a 1902, da yadda Sarkin Kano Alu ya karɓi Magaji Ɗan Yamusa wanda ya yi kisan, da kuma wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa yana cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya kan wannan wasiƙa, domin fassarar Turanci ce ke yawo a littattafai, don haka ka ambace ta tare da shakkun da ke kanta. Ka kuma lura da cewa manyansa a Landan sun yi ƙorafin bai sanar da su shirin yaƙin a kan kari ba. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli. To, a nan ne za ka ajiye rahoton gwamna ka ɗauki na waɗanda aka ci da yaƙi: risalar da Waziri Buhari ya rubuta da Larabci yana bayyana dalilin da ya sa ya zauna ya yi sulhu maimakon ya bi Attahiru hijira, da waƙoƙin ajami na zuwan Nasara, da labaran da jikokin masu hijira ke riƙe da su har yanzu a Mai Wurno ta Sudan. Haka za ka yi da yaƙin Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, a 1906, inda rahoton hukuma ya kira abin kwantar da tawaye, alhali an hallaka jama'a masu yawa aka shafe garin.

Idan ka zo kan mulki ta hannun sarakuna, ka bambanta abin da ya rubuta da abin da ya gudana. Littafinsa The Dual Mandate ya fito ne a 1922, bayan ya bar aiki, kuma ya zayyana tsarin kamar an shirya shi tun farko, alhali ƙarancin ma'aikata da na kuɗi sun taka rawa babba. Baitulmalin En'e ma ba a zamaninsa na farko aka kafa shi ba, bayan tafiyarsa Hong Kong ne waɗanda suka gaje shi suka tsara shi. A ganina, jaridun Legas na shekarun 1914 zuwa 1919 sun fi littafin amfani wajen gane yadda talakawa da 'yan boko suka ji mulkinsa, domin sun yi ta sukarsa babu sassauci.

Rayuwarsa ta siyasa bayan ritaya gajeren babi ce amma kada ka bar ta. Ya wakilci Birtaniya a kwamitin tsohuwar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya (League of Nations) mai sa ido kan yankunan da aka karɓe daga Jamus da Turkiyya, ya shiga majalisar dattawan Ingila a 1928, ya mutu a 1945. Matarsa Flora Shaw, 'yar jaridar The Times ce, kuma mai rubuta tarihinsa Margery Perham aminiyarsa ce, saboda haka ka karanta su da wannan a zuciya.

Wajen kwatanta takardun Larabci da na Turanci, ka riƙa mayar da shekarun Hijira zuwa Miladiyya da hankali, domin shekara ɗaya ta Miladiyya takan ratsa biyu na Hijira. Faɗuwar Sakkwato ta zo a ƙarshen 1320, yaƙin Burmi kuwa a 1321, ko da yake duka biyun a 1903 suke.